Waiwaye: Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu, Wa Ke Zaɓen Labarin Karkara?

Duk shirin da ka gani a talabijin, kafin a kunna kyamara an riga an ci rabin aikinsa a zaune. Wani ne ya ce ga labarin da ya cancanci a ɗauka. Shi ya je ya bincika, ya gano wanda zai yarda ya yi magana da wanda zai noƙe, ya rubuta takardar neman kuɗi, ya ƙiyasta abin da za a kashe. A wannan mataki na ƙulla shiri ake yanke hukunci, kuma a nan ƙaramin ma'aikaci yake koyon sana'ar in an ba shi kujera. Abin da ke damuna shi ne yadda wannan kujera ta gagari ɗan Kafin Hausa da 'yar Tsanyawa, alhali garuruwansu ake zuwa ɗauka duk shekarar da ruwa ya ci gonaki. Matsalar tana da tarihi, tarihin kuwa ya girmi talabijin ɗin kanta.

Mutanen karkararmu sun fara ganin hoto mai motsi ne ta majigi. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta damƙa shi a hannun William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya riga ya gwada wayar da kai da fim a Legas. Mota ce ake lodawa da janareto da farin allo da lasifika, ta bi gari gari. Da la'asar a yi shela, bayan isha'i a taru a ƙofar gidan hakimi ko dagaci, a nuna yadda ake haƙa masai, yadda ake shuka auduga a layi, amfanin allurar rigakafi. Dattawa da yawa har yau suna tuna fim ɗin majigi na Baban Larai. Bayan an sami mulkin kai, majigin ya ci gaba da yawo, yana nuna rangadin Sardauna da ayyukan gwamnatin Jihar Arewa.

A cikin motar nan akwai mutum guda da ya kamata a tsaya a kansa, wato mai sharhi. Shi ke riƙe da makirfo yana fassara abin da ke kan allo da Hausa, yana sa gishiri, yana sanin inda zai ja magana da inda zai saki domin kada taro ya watse. In ba shi, fim ɗin bebe ne a wurin jama'a. Amma ba shi ya zaɓi batun ba, ba a tambaye shi ko mutanen Ɓaɓura suna da wani abin da ya fi masai damunsu ba. An gama komai a wani ofis, nasa isarwa. Ina ganin nan aka kafa tsarin da har yau bai rushe ba: ɗan gari ya zama baki da ƙafa, shawara kuma tana wani wuri.

Ba a ce babu waɗanda suka tsallake ba. Adamu Halilu ya taso ta sashen fim na gwamnatin Arewa, ya yi karatun sana'ar a Ingila, ya shirya Shaihu Umar a 1976, ya kuma shugabanci Hukumar Finafinai ta Najeriya da aka kafa a 1979. Sai dai hanyarsa ta aikin gwamnati ce, wadda ba ta ɗaukar mutum sai ya yi boko mai zurfi, a zamanin da ƙauyuka da yawa ko firamare ba su da ita.

Talabijin ta zo Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962 da tashar RKTV. A 1977 aka haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin NTA, a 1980 aka buɗe kwalejin horar da ma'aikatanta a Jos. Kano ta sami tata ta jiha, CTV, a zamanin gwamna Abubakar Rimi, wadda yanzu ake kira ARTV. Jigawa da aka yanka daga Kano a 1991 ta daɗe tana dogaro da rediyo da NTA Dutse kafin ta sami JTV a zamanin Sule Lamido. Duk waɗannan gidaje a babban birni suke, ɗaukar aiki kuma ta hukumar ɗaukar ma'aikata ne. Kundin tsarin mulki ya yi maganar raba daidai, wato raba guraben aikin gwamnati tsakanin sassan ƙasa, har an kafa hukuma a kansa a 1996, amma raba daidai yana ƙirga takardar shaidar ƙaramar hukuma ne. Wanda aka haifa a Fagge ya tashi a Fagge, in kakansa ɗan Gwaram ne, to guraben Gwaram zai cika, ko da bai taɓa kwana can ba.

Ƙofar da ta fi faɗi ba hukuma ce ta buɗe ta ba. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa da suka saba kai wasanninsu gidan talabijin su suka juya zuwa kaset na bidiyo, fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990, abin da aka zo aka kira Kannywood ya kankama. Nan babu mai tambayar ka kiredit nawa ka ci. Ka sami ubangida, ka riƙe masa jakar kyamara, ka ja waya, ka riƙe fitila, a hankali a sa ka kwantiniti, wato lura da kada kaya ko yanayi su saɓa daga wata fitowa zuwa wata, wata rana ka zauna gefen mai tace hoto. Dubban matasa sun ci abinci ta nan, kuma dole a yaba. Amma koyon aiki irin wannan babu albashi, sai ɗan abin da aka miƙo a lokeshan. Wanda gidansu ke Ƙofar Wambai zai jure shekara biyu a haka, domin tuwon dare da wurin kwana ba su dame shi. Wanda ya taso daga Sumaila sai ya kwana a shago ko a baranda, da damina ta faɗi kuma mahaifinsa na jiransa a gona. 'Ya mace kuwa, wane uba ne zai bar ta ta tafi birni ba masauki ba albashi? Ga shi kuma kasuwar ta soyayya da waƙa ce. Dokumentari, wato shirin da ke bin abin da ya faru da gaske, ba ya sayuwa a kaset, don haka ba a sami iyayen gidan da za a koya a hannunsu ba.

A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da gina ƙauyen fim a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, a kan kuɗi kimanin naira biliyan 3, har da wurin horarwa da ɗakunan kwanan ɗalibai. Malamai da jama'a da dama suka yi ca a kai saboda tsoron lalacewar tarbiyya, aka janye. Ban raina damuwarsu ba, domin masana'antar ta ba su dalilan yin shakka. Abin da ya yi mini ciwo shi ne a duk muhawarar ba a ware aikin bincike da ɗaukar tarihi daga rawa da waƙa ba. Makarantar koyon kyamara da za ta zauna a tsakiyar karkarar Kano ta tafi tare da sauran.

Shekara biyu kafin nan, a 2014, Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye ta tauraron ɗan'adam, da tallafin farko daga gwamnatin Amurka ta hannun ƙungiyar Equal Access. Ta kawo abin da ba a saba ba: marubuta su zauna a ɗaki guda su tsara labari na dogon zango kamar Daɗin Kowa, a biya su. Matasa da yawa, har da mata, sun koyi aiki a nan. Da yake kallonta kyauta ne ga mai dish, ta shiga gidajen kallo da shagunan caji a ƙauyuka. Masu kallo sun yaɗu har Maigatari, ɗakin rubutun yana birni.

To yau yaya ake ɗaukar labarin karkara? Mu ɗauki ambaliya, irin wadda ta yi ɓarna a Jigawa a 2022, ko ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda kogin ke gudu. Tawaga za ta taso daga Abuja ko Legas, wani lokaci daga waje. Kafin su iso an nemo musu wani saurayi a garin, galibi malamin makaranta ko mai difloma da ke zaune ba aiki. Shi zai je gaban dagaci ya faɗi ya yi gaisuwa, "Ranka ya daɗe, baƙi ne za su zo a kan maganar ruwa." Shi ya san masuncin da ya koma sayar da itace, ya san gidan da katanga ta faɗa wa yara. Shi zai lallashi maigida, "Baba, ba 'yan siyasa ba ne, ba kuma abin da za a rage maka." Zai samo kwalekwale, ya yi tafinta, ya ce musu kada su ɗaga kyamara ta wajen mata masu wanki. Wannan fa shi ne ainihin aikin mai bincike, aikin da a kamfanonin waje ake ɗaukar mutum dominsa, a ba shi albashi, ya hau daga nan har ya zama furodusa. A nan kuwa da yamma za a ƙirgo masa kuɗin yini biyu, a yi hoto, mota ta tashi. In shirin ya fito, sau da yawa ko sunansa babu a jerin ƙarshe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Rashin mata a wannan aiki ya fi kowanne tsada, kuma shirin kansa ne ke biya. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Duk abin da ke bayan "ba shiga", wato mai surfen shinkafa a Kura, ungozoma, matar da ta yi shekaru da yoyon fitsari, amaryar da aka cire daga aji, ba ya jin sa sai ta bakin miji. Yarinyar garin da ta gama sakandare za ta shiga ta ce "Sannu da aiki, Inna," ta zauna a tabarma ta taya tsince wake, a cikin hira ta ji abin da tawaga ba za ta ji ba ko ta shekara. Basira kuwa akwai ta. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta ta nuna cewa in aka buɗe ƙofa da Hausa, aka ce a turo daga gida, mata suna fitowa da yawa. Ban ga dalilin da zai hana a yi irin wannan domin neman batun dokumentari ba.

Haka zancen yake ga Fulanin rugage, da Mangawa da Badawa na gabashin Jigawa, da almajirin da ya haddace Alƙur'ani yana rubutu da ajami amma ba shi da kiredit a Ingilishi. Ga kuma kurame, waɗanda ke da maganar hannu tasu da makaranta a Tudun Maliki. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, kuma gidajen talabijin na gwamnati suna cikin waɗanda dokar ta hau kansu.

Wasu ƙasashe sun yi fama da irin wannan. A Ingila an daɗe ana kukan cewa 'ya'yan masu hali na Landan ne suka cika talabijin, domin su kaɗai ke iya koyon aiki ba biya. A 2012 aka kafa ƙungiyar Creative Access domin samar wa 'ya'yan tsiraru gurbin koyon aiki mai albashi, daga baya ta haɗa da 'ya'yan talakawa. Tashar Channel 4 kuma ta buɗe babban ofishi a birnin Leeds. Darasin biyu ne, a biya mai koyo, a kuma matso da ofis kusa da shi. A nahiyarmu, MultiChoice Talent Factory ta fara a 2018 da makarantun koyon aikin fim a Legas, Nairobi da Lusaka, karatun shekara guda kyauta ga ɗalibai kimanin 20 a kowacce. Akwai asusun IDFA Bertha na ƙasar Holan da kasuwar fim ta Durban, masu tallafa wa dokumentari tun yana kan takarda. Dukansu abin kirki ne. Amma fom ɗin da Ingilishi ake cika shi a intanet, ana neman samfurin aikin da ka taɓa yi, ga intabiyu ta bidiyo. Yaron da sai ya hau tudu yake samun sabis an riga an tankaɗe shi tun kafin alƙalai su ga sunansa.

Wayar hannu ta sauya abu guda. Daren da tankar mai ta yi bindiga a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoban 2024, mutum fiye da 150 suka rasu, hotunan farko da duniya ta gani daga wayoyin mutanen wurin suka fito. Matasa a Gumel da Rano suna ɗaukar kasuwa da hawan sallah suna sawa a TikTok da YouTube, wasu har sun iya tace hoto fiye da waɗanda suka yi digiri. Abin da waya ba ta koyarwa shi ne tabbatar da labari daga baki biyu, neman izinin wanda za a ɗauka, sanin hoton da bai kamata a yaɗa ba, da rubuta shafi guda da zai sa mai kuɗi ya saurare ka. Wannan sai a gefen wanda ya iya.

Ba sai an jira biliyoyi ba. Akwai Jami'ar Bayero da tsangayarta ta sadarwa, akwai jami'o'i a Dutse da Kafin Hausa, da kwalejojin fasaha a Kazaure da Haɗeja. ARTV da JTV da NTA suna iya ɗaukar matasa daga ƙananan hukumomi 44 na Kano da 27 na Jigawa a matsayin masu bincike na wata shida, rabi mata, da alawus ɗin da zai ishi mota da data, suna zaune a garuruwansu suna turo batutuwa da Hausa, ko a rubuce ko ta saƙon murya. A haɗa kowanne da furodusa guda da zai duba aikinsa, a kira shi zaman tsara shiri ko sau ɗaya ne a wata. Ƙungiyoyin da ke ɗaukar nauyin shirye-shiryen lafiya da noma su sa wannan a cikin sharuɗɗansu. Duk shirin da ya fito daga batunsa kuma a rubuta sunansa da aikin da ya yi a jerin ƙarshe, domin shi ne abin da zai nuna ranar da ya je neman aiki na gaba.