Kalmar "egg" a harshen Ingilishi

*Egg* ita ce kalmar da Ingilishi ke kiran ƙwai da ita, jam'inta *eggs*. Idan aka faɗe ta zalla a kasuwa ko a kicin, ƙwan kaza ake nufi. Na agwagwa ko na zabuwa sai an haɗa da sunan tsuntsun. Ta kuma shafi ƙwan kifi da na maciji da na ƙwari, har da ƙwayar haihuwa ta mace.

Asali

Kalmar aro ce. Tsohon Ingilishi yana da tasa, *æg*, wadda daga baya ta koma *ey*, jam'inta *eyren*. Ita kuwa *egg* ta shigo ne daga harshen Nos, wato na mutanen Sikandinebiya da suka mamaye arewaci da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9. Kalmomin biyu tushensu ɗaya, kuma har yau Jamusawa *Ei* suke cewa, jam'i *Eier*. Sai da aka kai wajen ƙarni na 14 kafin *egg* ta fara bayyana sosai a rubuce, galibi a arewa, kudu kuma na riƙe da *ey*.

William Caxton, wanda ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, ya ba da labarin wannan saɓani a gabatarwar littafin *Eneydos* da ya buga a 1490. Wasu fatake ne suka taso a jirgin ruwa ta Kogin Thames za su Zeeland ta ƙasar Holan, iska ta ɗauke, suka sauka a gaɓar yankin Kent neman abinci. Ɗayansu, mai suna Sheffield, ya shiga wani gida ya tambayi matar gidan *egges*. Ta ce masa ita ba ta jin Faransanci. Ransa ya ɓaci, don shi ma ba ya ji. Sai da wani ya ce ai *eyren* yake so, sannan ta gane. Caxton ya kawo labarin ne don ya nuna tsaka mai wuyar da mai buga littafi ke ciki: wace kalma zai zaɓa wadda kowa zai fahimta? A cikin ƙarni na 16 *egg* ta yi rinjaye, *ey* ta ɓace daga bakin mutane.

Ana ganin ɓurɓushin *ey* ya saura a *Cockney*, sunan da ake kiran mutanen gabashin Landan. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne daga *coken ey* ta fito, "ƙwan zakara", wato ɗan ƙaramin ƙwai mara fasali. Daga nan ta koma nufin shagwaɓaɓɓen yaro, sannan ɗan birni. Wasu masana ba su yarda da wannan salsala ba.

Idan aka ƙara komawa baya, *egg* 'yar uwar *ovum* ce ta Latin. Wasu na danganta tushen duka biyun da tsohuwar kalmar "tsuntsu".

Aikatau

*To egg* na nufin jifan mutum ko gida da ɗanyen ƙwai, abin da kan sami 'yan siyasa a Birtaniya lokaci zuwa lokaci.

*Egg on* kuwa, wato zuga ko ingiza wani, ba ta da alaƙa da ƙwai ko kaɗan. Daga *eggja* ta Nos ta fito, danginta *edge*, bakin wuƙa ko kaifi. Ma'anarta ta fari kamar a ce wasa mutum yadda ake wasa wuƙa. Kamannin rubutu ne kawai ya haɗa su.

Kalmomi masu kusancin ma'ana

Ƙwan da ake soyawa ba shi da wani suna na biyu a Ingilishin yau da kullum. Sauran kalmomin kowace da fagenta. Likitoci na cewa *ovum* ga ƙwayar mace, jam'i *ova*, idan ta haɗu da maniyyi ta zama *zygote*. Ƙwan kifi *roe* ne, na kwaɗo *spawn*, na kwarkwata *nit*. Ƙwayayen da kaza ta tara ta kwanta a kai su ne *clutch*. Gwaiduwa *yolk*, farin ƙwai *white* ko *albumen*.

Salon magana

*Bad egg* mutumin banza ne, kuma an fara jin ta wajen tsakiyar ƙarni na 19. Bahaushe zai gane ta nan take, don kusan hoton baragurbi ne, ƙwan da ya lalace a gurbi. Kishiyarta *good egg* ta biyo baya, amma yanzu ana yi mata kallon maganar tsofaffi.

*Nest egg* asalinta ƙwai ne, na gaske ko na bogi, da ake bari a gurbi don kaza ta ci gaba da saka a wurin. Yau tana nufin kuɗin da aka adana saboda gaba. *Egghead* kuma shaguɓe ne ga ɗan boko mai yawan ilimi, ta yi tashe a Amurka lokacin zaɓen 1952, da aka riƙa jifan ɗan takara Adlai Stevenson da magoya bayansa da ita. *Curate's egg*, wato abin da wani sashensa ke da kyau wani kuma ya lalace, daga wani zanen barkwanci na mujallar Punch a 1895 ta samo asali: ƙaramin limamin coci ne aka ba ruɓaɓɓen ƙwai a teburin bishop, kunya ta sa ya ce wasu sassansa na da kyau ƙwarai.

Siffar ƙwai ta sa ya zama laƙabin sifiri. Amurkawa na cewa *goose egg*. A wasan kurket, wanda ya fita bai ci komai ba an ce ya sami *duck*, gajarcen *duck's egg*. Masu cewa *love* ta wasan tanis, wadda ita ma sifiri take nufi, daga kalmar ƙwai ta Faransanci take ba su da hujja mai ƙarfi.

Mai *egg on his face* ya sha kunya ne. Mai *walking on eggshells* yana taka-tsantsan da wani mai saurin fushi.

Sunayen tsirrai

Amurkawa na kiran wani nau'in yalo *eggplant*, saboda irin da Turawa suka fara sabawa da shi fari ne mai kama da ƙwai. A Birtaniya *aubergine* ake cewa. A Turancin Najeriya da Gana, yalo da gauta su ne *garden egg*.