Waiwaye: Malaman Turanci baƙi a Koriya ta Kudu da dokokin da kanun labarai ke haifarwa

A Koriya ta Kudu, malamin Turanci da ya zo daga waje yana iya kwana lafiya da aikinsa, gari ya waye ya tarar an ƙaro masa sabon sharaɗi saboda wani labari da ya fito a jarida, alhali bai san hawa ba, bai san sauka ba. Idan aka bi diddigi, za a ga manyan sauye-sauyen da suka shafi waɗannan malamai sun zo ne bayan wani abu ya tayar da ƙura a ƙasar.

Kasuwar koyar da Turanci tana da tushe. Iyaye a Koriya suna kashe kuɗi mai yawa a makarantun bayan tashi da ake kira hagwon, inda yara ke zuwa da yamma, wasu har dare. A 1980 gwamnatin soja ta Chun Doo-hwan ta haramta darussan kuɗi, da hujjar cewa suna fifita 'ya'yan masu hali. Iyaye suka koma yi a ɓoye, har kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. Kafin nan, a 1995, gwamnati ta fara shirin da aka sani da EPIK don kawo baƙi su koyar a makarantunta. Mafi yawan malaman suna shiga da bizar E-2, wato bizar masu koyar da harsunan waje, kuma ga mai son koyar da Turanci ƙa'idar ta fifita fasfo na ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Wato wanda ya yi digirin Turanci a Jami'ar Bayero ta Kano, ya kuma shekara goma yana koyarwa, ba ya cikin layin, amma yaron da ya gama digirin wani fanni daban a Toronto yana ciki.

Girgiza ta farko ta kuɗi ce. A ƙarshen 1997, lokacin rikicin tattalin arzikin Asiya, kuɗin ƙasar, won, ya rasa kusan rabin darajarsa a kan dala cikin 'yan makonni. Malamin da ke tura kuɗi gida don biyan bashin karatu ya ga albashinsa ya narke a hannunsa. Da yawa suka haɗa kayansu.

Amma wadda ta fi barin tabo ita ce ta 2007. A watan Oktoba aka kama wani ɗan Kanada a Tailan bisa zargin lalata da yara, bayan 'yan sandan ƙasa da ƙasa sun baza hotonsa, kuma ya kasance yana koyar da Turanci a Koriya. Jaridu suka yi ca, kamar duk malamin da ya zo daga waje abin tuhuma ne. A watan Disamba sabbin ƙa'idoji suka fara aiki: takardar shaidar rashin laifi daga ƙasar mutum, gwajin miyagun ƙwayoyi, da gwajin ƙwayar cutar HIV. Takardar rashin laifi kam babu mai gardama a kanta, ana maganar yara ne. Gwajin HIV ɗin ne ya zama abin faɗa, domin ba a nema daga malamai Koriyawa ba, ba a kuma nema daga baƙi masu jinin Koriya da ke riƙe da bizar F-4 ba, ko da aji ɗaya suke shiga.

Wata malama 'yar Niyu Zilan da ke koyarwa a firamare a birnin Ulsan ta ƙi sake gwajin a 2009, aka ƙi sabunta mata kwantiragi. Ba ta bar maganar ba. A 2015 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata ya ce an nuna mata wariya. Ma'aikatar shari'a ta cire sharaɗin a watan Yulin 2017, sannan a 2019 wata kotu a Seoul ta umarci gwamnati ta biya ta diyyar won miliyan 30. Doka ta shigo cikin wata biyu, fitar da ita ta ci kusan shekara goma.

Da korona ta zo, tsohon hali ya dawo. Bayan cutar ta ɓarke a gidajen rawa na unguwar Itaewon da ke Seoul a watan Mayun 2020, malamai baƙi da dama sun sha tambayar ina suka je a ƙarshen mako. A watan Maris na 2021 lardin Gyeonggi da birnin Seoul suka ce kowane ma'aikaci baƙo ya je gwaji. Ofisoshin jakadanci suka yi ƙorafi, Seoul ta janye umarnin cikin 'yan kwanaki.

Labarin da ya fi shafar malaman yanzu bai da hayaniya irin waɗancan. Alƙaluman 2023 sun nuna matsakaicin haihuwa ga kowace mace ya sauko zuwa 0.72, mafi ƙanƙanta a duniya, kuma makarantun firamare a karkara suna rufewa don babu yara. Bizar E-2 kuwa a ɗaure take da wurin aikin da ya ɗauko mutum, don haka idan hagwon ta rasa ɗalibai ta rufe ƙofa, malamin kan rasa albashi da ɗakin da makarantar ta kama masa a lokaci guda, sannan ya nufi ofishin shige da fice don gyara takardunsa.