Ɗaga mota da sa mata manyan tayoyi: me ake samu, me ake rasawa?

Duk direban da ke bin hanyar ƙauye da damina ya san wannan ƙarar. Manyan motoci sun haƙa layi biyu a cikin laka sun bar tudu a tsakiya, ka shigo da Hilux ɗinka sai ka ji gum, cikinta ya zauna a kan tudun, tayoyi na ta juyawa a banza. Daga ranar mutum kan fara tambayar bakanike nawa ake ɗaga mota. Ga abin da ya kamata ya sani kafin a kwance noti ko ɗaya.

Ta yaya ake ɗaga motar?

Hanya biyu ce. Ta farko a ɗaga bodi kaɗai. Hilux da Land Cruiser bodinsu a kan shasi yake zaune, an ɗaure shi da kusoshi, sai a cusa wasu 'yan kututture na ƙarfe ko roba mai tauri a tsakani, a sa dogayen kusoshi. Motar za ta yi tsayi a ido, amma shasi da inji da giya suna nan inda suke. Amfanin wannan ɗaya ne, a samar wa taya wuri.

Ta biyu a canza sifirin da shokozoba, a sa waɗanda suka fi tsawo, shasin gaba ɗaya ya tashi. Inci biyu, wato milimita 50, shi aka fi yi. Akwai kuma ta araha da ake yi a garejinmu: a ƙara ganyen sifirin a baya, ko a buge su su ƙara lanƙwasa, a gaba kuma a sa zobe a saman sifirin. Bugaggen sifirin ba ya daɗewa yake kwantawa. Zoben kuwa tsayi kawai yake bayarwa, bai ƙara wa taya nisan hawa da sauka ba.

In na ɗaga ta inci biyu, shi ke nan ta daina dukan ƙasa?

A nan yawancin mutane suke asarar kuɗinsu. Ka durƙusa a bayan motarka ka leƙa. Za ka ga wani tulu a tsakiyar aksil, shi ne ya fi komai kusa da ƙasa. Aksil ɗin nan a jikin tayoyi yake, sifirin a samansa yake. Ko inci goma ka ɗaga, tulun yana nan daram inda ka bar shi. Abu ɗaya ne kawai ke ɗaga shi: taya mai tsayi.

Lissafin a jikin tayar yake. Hilux da yawa na yanzu suna zuwa da 265/65R17. Faɗinta milimita 265, gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wili kuma inci 17. In ka haɗa wilin da gefe biyu, tsayinta ya kama milimita 776. Wadda aka fi sha'awar komawa gare ta, 285/70R17, tsayinta milimita 831 ne. Bambancin milimita 55, amma rabinsa ne ke ƙarƙashin aksil. Wato duk wannan hidima, abin da tulun ya samu milimita 27 ne, inci ɗaya da ɗigo.

Kada a raina incin nan, sau da yawa shi ne tsakanin wucewa da kwana a hanya. Ɗagin ma yana da nasa amfanin: bamba ba ta shafar gangaren rafi, tsakiyar mota ba ta rataya a kan kunya. Amma a san me ake saye. Ɗagi wuri yake buɗewa, taya ce ke ba da tsayin.

Me babbar taya ke ci wa mai mota?

Ƙarfi da mai da birki. Taya mai tsayi tamkar ka tashi mota a giya mafi girma ce. Tsakanin tayoyin nan biyu bambancin kashi 7 cikin ɗari ne, kuma za ka ji shi a hawan tudu da lodi, kuloci ma zai ji. Ta fi nauyi, saboda haka birki yana shan wahala kafin ya tsayar da ita, borin taya da tayirod su riƙa saurin mutuwa.

Agogon gudu kuma zai fara yi maka ƙarya. Yana ƙirga juyin taya ne, bai san an canza ta ba. In ya nuna 100, kana gudun 107. Haka kilomitan da yake rubutawa za su gaza na gaskiya, wanda ke juyen baƙin mai da agogo ya lura.

Wanda ya wuce nan, ya je taya mai tsayin inci 35, dole ya canza haƙoran cikin tulun aksil don dawo da ƙarfin, gaba da baya kuma, lamba ɗaya.

Hilux da Land Cruiser duk ɗaya ne a wannan aikin?

Ba ɗaya ba ne. Land Cruiser samfurin 70, wanda Toyota ke ƙerawa tun 1984, irin kat-kat ɗin (mota mai jan taya huɗu) da ke cika Agadas, aksil ɗinsa na gaba sanda ɗaya ce kamar ta baya. Yana karɓar ɗagi da sauƙi, sai dai a gyara kwanciyar aksil ɗin, in ba haka ba sitiyari ya riƙa yawo a kwalta.

Hilux na zamani kowace tayar gaba da hannunta, kuma shaf ne mai gaɓoɓi ke kai mata ƙarfi. Da ka ɗaga, shaf ɗin ya daina kwanciya miƙe, ya koma aiki a karkace. Alamar farko a robar gaɓar take fitowa: ta tsage, ka ga baƙin giris ya fantsama a cikin wili. Rairayi ya shiga, bayan 'yan makonni ka karya sitiyari ka ji kas-kas-kas. Bol-joyin na sama shi ma yana kaiwa ƙarshen lanƙwasarsa, kuma in ya tsinke ana cikin gudu taya kwantawa take yi. Shi ya sa a ganina inci biyu ne iyakar Hilux, sai in za a canza hannayen sama da waɗanda aka ƙera don haka.

Da gaske ne motar da aka ɗaga ta fi saurin kifewa?

Da gaske ne, kuma wannan ya fi duk sauran damuna. Nauyin mota yana hawa sama, faɗin tsayuwarta kuwa bai ƙaru ba. Ko ba a taɓa su ba, motocin nan dogaye ne. A 2016 mujallar motoci ta Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada Hilux sabuwa a gwajin kauce wa abu ba zato, tana gudun kusan kilomita 60, tayoyinta biyu suka bar ƙasa. To ka ƙara mata inci uku, ka ɗora buhunan masara har sun wuce kan direba, mutane su hau saman buhunan ranar kasuwa, sannan akuya ta faɗo titi. Motar da za ta yi irin wannan lodin, sifirin mai ƙarfi take buƙata a tsayinta na asali, ba ɗagi ba.

A Ostareliya, inda ake wannan gyara sosai, ƙa'idarsu ta ƙasa ta tsayar da ƙarin tsayin taya a milimita 50 ga irin waɗannan motoci, abin da ya wuce sai injiniya ya duba ya sa hannu.

To waɗanda muke gani a bidiyo da tayoyi kamar na tarakta fa?

Da yawansu na Amurka ne, na wasan hawan duwatsu, ko na Aisland, inda kamfani irin Arctic Trucks ke sa wa Hilux taya inci 38 ko 44 don ta yi yawo a kan dusar ƙanƙara ba ta nutse ba. Can ana yanke bodi ne, a canza haƙoran aksil, a sake lissafin motar baki ɗaya. Ba aikin yini ɗaya ba ne.

A rairayi, mai faɗi ta fi ko mai tsayi?

Iska ta fi su duka. Direbobin hamada sun daɗe suna ratsa Tenere da siririyar taya 7.50R16. Da sun bar ƙasa mai tauri sai su sauko su rage iska, daga talatin da wani abu a geji zuwa wajen 18 ko 15. Tayar ta baje, tafinta ya ƙara tsawo, motar ta hau kan rairayi maimakon ta haƙa shi. Taya mai dogon gefe ta fi ba da wannan dama, shi ya sa wili 16 ko 17 ya fi 20 a daji. Amma da an dawo kwalta a mayar da iskar. Taya mai ƙarancin iska a gudu da zafin rana fashewa take yi. Ƙaramin famfo da geji a cikin mota sun fi kayan ɗagi araha nesa ba kusa ba.

Zan iya sayen manyan tayoyin na gwanjo?

Ka karanta gefenta tukuna. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Zanen taya kan yi kyau alhali robar ta bushe, ka duba ƙananan tsage a gefe da tsakanin zane. Sai lambar nauyi: 112 na ɗaukar kilo 1,120, 121 kuma kilo 1,450. Kada ka sauka ƙasa da ta asali. Kuma duk su zama girma ɗaya, domin in ka sa giyar taya huɗu da tayoyi mabambanta, giyar ce ke biyan bashin.

An gama aikin, me zan duba kafin in bar garejin?

A yi alaimen. A karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, gaba da ribas, a saurara ko taya na gugar madigadi ko shasi. A ɗaga motar da jak har tayoyi su rataya, ka kalli tiyon birki da idonka: in ya miƙe kamar tsirkiya, a sa mai tsawo. A sunkuyar da fitilu, don yanzu cikin idon mai tahowa suke haskawa. Bayan tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku ka dawo a sake ɗaure duk notin da aka taɓa, musamman na ƙarfen da ya rungume sifirin baya da aksil.

Safaya ita ma ta zama irin sababbin, a gwada ko tana shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi. Jak ɗin da motar ta zo da shi kuma a gwada shi nan take, domin sau da yawa ya daina kaiwa, sai da katako mai kauri a ƙarƙashinsa.