Shin yaran da ke karatu a gida ba sa cuɗanya da mutane?

An daɗe ana cewa yaran da iyayensu ba su kai su makaranta ba, suka bar su suna koyon abin da hankalinsu ya karkata gare shi, suna tashi ne a kaɗaice. Damuwar tana da dalili, domin yawancinmu a aji muka yi abokai.

Sai dai a Amurka, inda wannan tsari ya bazu tun shekarun 1970 kuma dokar jihohi 50 ta amince da karatun gida, irin waɗannan iyalai sukan haɗu a lambun shaƙatawa ko ɗakin karatu. A can za ka ga ɗan shekara goma sha biyu yana nuna wa ƙanana yadda ake haɗa keke, iyaye kuwa suna gefe suna musayar littattafai. Wannan ba ya nufin kowane gida yana yin yadda ya kamata, domin cuɗanyar sai iyaye sun tsaya a kanta.

Mai son tabbatarwa ya nemi izinin halartar taro ɗaya, ya saurari yaran da kansa, kuma ya bincika dokar ƙasar, tunda Jamus, misali, ta wajabta zuwa makaranta. Don Allah a tura wa wasu wannan bayani.