Taurin Bayan Gida Mai Daɗewa a Tsakanin Hausawan Sudan

Taurin bayan gida, wanda wasu ke kira bushewar ciki ko ɗaurewar ciki, shi ne mutum ya riƙa yin bahaya da ƙyar, ko ya fito a bushe, ko kuma a kwashe kwanaki ba a zaga ba. Hausawan Sudan, daga Mai Wurno da ke kudu da Sinnar har Gadarif, Kasala da Damazin, sun fi kiransa da sunansa na Larabci, imsak, musamman a gaban likita ko mai kantin magani. Kowa yakan gamu da shi jefi-jefi, in ya yi tafiya ko ya sauya cima. Wanda ya zama ciwo shi ne wanda ya zauna daram, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ƙididdigar da aka tattara daga ƙasashe da dama ta nuna kusan mutum ɗaya cikin bakwai na manya yana fama da shi, kuma ya fi kama mata da tsofaffi.

Yadda ake gane shi

Ba dole ba ne a zaga kullum. Daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako duk lafiya ce, muddin abin yana fita cikin sauƙi. Wannan batu yana da muhimmanci, domin da yawa daga masu shan maganin wankin ciki ba su da ciwon komai, tsoro ne kawai ya kama su don rana ɗaya ta wuce ba su shiga makewayi ba.

Likitocin hanji suna aiki da ma'aunin da ake kira Rum na huɗu, wanda aka fitar a 2016. Ana cewa taurin ya daɗe idan mutum ya shafe wata uku yana da aƙalla biyu daga cikin waɗannan alamu: yunƙuri mai tsanani, bahaya mai tauri ko dunƙule-dunƙule, jin kamar bai gama ba, jin kamar wani abu ya tokare ƙofa, buƙatar sa yatsa kafin ya fita, ko zagawa ƙasa da sau uku a mako. Sai kuma a ce alamun sun fara aƙalla wata shida baya. Akwai kuma ma'aunin Biristol na 1997, wanda ya kasa bahaya gida bakwai. Na farko shi ne mai kama da kashin awaki, na biyu dunƙulalle mai ƙulli-ƙulli, kuma su biyun ne alamar tauri.

Abin da ke faruwa a ciki

Babban hanji ya kai kimanin mita 1.5, kuma babban aikinsa tsotse ruwa daga ragowar abinci. Gwargwadon daɗewar ragowar a cikinsa, gwargwadon bushewarta. Saboda haka duk abin da ya rage wa hanji motsi, ko ya sa mutum ya danne bahaya bayan ya ji shi, yana ƙara wa abin tauri.

Akwai masu hanji mai nawa tun asali. Akwai kuma waɗanda hanjinsu lafiya lau, amma tsokar da ke riƙe dubura ba ta sakin jiki lokacin yunƙuri, sai ta ƙara tamkewa. Irin waɗannan ko buhun ganye suka cinye ba za su ga sauyi sosai ba, horon tsoka a asibiti suke buƙata. Juna biyu, ciwon sukari da ya daɗe, raunin ƙwayar maƙogwaro da ciwon karkarwa na tsufa duk suna kawo shi. Haka ma magunguna: tiramadol da kodin su ne kan gaba, sai ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki, da wasu magungunan hawan jini da na damuwa, da maganin gyambon ciki mai alminiyam.

Cima: daga kisira zuwa burodi

Jigon magani shi ne harza, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, wanda likitocin Sudan ke kira alyaf. Iri biyu ce. Mai narkewa a ruwa tana zama kamar yauƙi, ta riƙe ruwa, ta tausasa bahaya. Marar narkewa, irin ta dusa da bawon hatsi, tana ƙara masa auki ta sa hanji ya motsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2023 cewa babban mutum ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana, tare da giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace.

Wanda ya duba akushin gidan Bahaushen Sudan na da zai ga wannan adadi ba abin wahala ba ne. Tuwon dawa ko asida da miyar kuka, kisira, wato siririn burodin dawa, da mulah, wato miya, na busasshiyar kuɓewa da ake kira waika, lalo wanda Larabawa ke ce wa mulukiya, ɗanwake, dafaffen wake: kusan duk abin da likita zai rubuta yana nan. Yauƙin da ke jan zare tsakanin yatsa da kwano in an tsoma loma a miyar kuɓewa, shi ne ainihin harza mai narkewa. Abin da ya sauya shi ne zaman birni. Farin burodin alkama ya ture kisira a gidaje da yawa, har ta kai tashin farashinsa ne ya kunna zanga-zangar Atbara a Disambar 2018. Garin da ake yin sa an raba shi da dusarsa, giram 100 nasa bai wuce giram 2 zuwa 3 na harza ba. Wanda karin kumallonsa shayi da zalabiya ne, rana burodi, dare taliya ko farar shinkafa, ya cika cikinsa amma bai ba hanji abin turawa ba.

Abin da ke ceton mutane da yawa shi ne ful, wato wake mai faɗi irin na Masar. Kofi guda na dafaffen ful yana ɗauke da kusan giram 9, wato fiye da sulusin abin da ake nema a yini. Adas, wani ƙaramin wake mai faɗi, shi ma haka, kimanin giram 8 a cikin giram 100 na dafaffe. Dabino yana da giram 7 zuwa 8 a giram 100, gwaiba kuma wajen giram 5. Kwanon ful da tumatir da albasa da man riɗi a fatur, wato kalacin hantsi, kisira da waika da rana, 'yan ƙwayoyin dabino da la'asar, lissafi ya kusa cika ba tare da an sayi komai daga kantin magani ba. Matan gida kuma suna da wani iko a hannunsu: kada a matsa wa dawa ko gero da surfe har a yi musu tas, a bar ɗan jan dusar a jiki.

Sai dai a bi a hankali. Wanda ya tashi rana ɗaya ya ninka harzar da yake ci zai kwana da kumburi da iska, ya ce maganin bai karɓe shi ba. Ana ƙarawa ne kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa huɗu, kuma a ba abin lokaci kafin a yanke masa hukunci.

Ruwa da zafi

A ƙasashen sanyi, ƙara shan ruwa ba ya wani tasiri ga wanda dama yana sha isasshe. Sudan daban ce. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan haura digiri 40 a Hartum da tsakiyar ƙasar, mai aikin gona a Jazira ko mai yankan riɗi a Gadarif kuwa yana zubar da gumi fiye da yadda yake zato. Jiki in ya rasa ruwa, daga hanji yake fara karɓa. Alama mafi sauƙi ita ce launin fitsari: in ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi kaɗan. Dusa ba ruwa ma tana iya ƙara toshe ciki. A watan azumi a rarraba sha tsakanin buɗa-baki da sahur, kada a ɗura duka lokaci guda, kuma a sa ful ko balila, wato dafaffen wake ko hatsi, a sahur. Masu ciwon zuciya ko ƙoda su bi adadin da likitansu ya kayyade.

Lokaci, tsuguno da tafiya

Hanji yana da lokacin da ya fi motsi: da safe bayan tashi, da kuma jim kaɗan bayan cin abinci. Wanda ya saba shiga makewayi bayan shayin safe, ya ba kansa 'yan mintuna ba gaggawa ba dogon yunƙuri, jikinsa zai koyi lokacin. Wanda ya saba dannewa kuwa, a hankali kiran yake dusashewa. Kunya tana da hannu a nan. Amarya a gidan surukai, ɗalibi a makarantar kwana, ko iyalan da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tara a makarantu da sansanoni suna layin makewayi guda, duk suna iya koyon dannewa ba da son ransu ba.

Tsuguno irin na masai ya fi zama a kan kujerar bayi, domin yana miƙar da lanƙwasar da ke ƙarshen hanji. Dattijon da gwiwa ta hana shi tsuguno sai a ajiye masa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafa, gwiwoyinsa su ɗara ƙugunsa, ya ɗan sunkuya gaba. Tafiyar ƙasa ta rabin awa a rana tana taimakawa, ko da zuwa masallaci ne da dawowa.

Sanamakka da sauran kayan kasuwa

Babu shagon masu saiwoyi a kasuwar Umdurman ko ta Wad Madani da za a rasa buhun sanamakka: siraran busassun ganyaye masu tsini, kore mai duhun toka, da ƙananan kwasfa masu faɗi. Hausawa sun san danginsa da sunan filasko. Tsiron yana fitowa a Sudan da kudancin Masar, kuma tun da daɗewa ake kai shi Turai ta tashar Iskandariyya, har sunan birnin ya shiga sunansa na kimiyya. Littattafan ɗibbun nabawi sun ambace shi, abin da ya ƙara masa daraja a idon jama'a. Yana aiki, babu gardama. Sinadarinsa yana wucewa har babban hanji, inda ƙwayoyin halittar ciki ke farfasa shi, sai ya zaburar da bangon hanjin ya kuma jawo ruwa. Yakan ɗauki awa 6 zuwa 12, shi ya sa ake shan sa da dare.

Matsalarsa awo ce. Ƙwayar sanamakka ta kantin magani an auna abin da ke cikinta. Tafin hannun ganye da aka tafasa a buta kuwa babu mai iya cewa nawa ke ciki, wani ya sha ya ji daidai, wani ya kwana yana murɗar ciki da gudawa. Yawan yin haka yana zubar da gishirin fotasiyam, abin da ke da haɗari ga tsofaffi da masu ciwon zuciya ko ƙoda. Shan sa na tsawon lokaci yana kuma rina bangon hanji ya yi duhu, ko da yake wannan rinin ba cuta ba ne, yana washewa in an daina. Muhallinsa shi ne agajin 'yan kwanaki. Mai shan sa duk dare na wata da watanni ya kamata likita ya san da shi. Mai ciki da ƙaramin yaro kada su sha sai da izini, wanda kuma cikinsa ya kumbura yana amai kada ya kusance shi ko kaɗan.

Jiƙon tsamiya, wato aradeb, ya fi sauƙi, yana sassauta ciki a hankali, sai dai sukarin da ake zuba masa a azumi ya kan yi yawa. Aduwa, lalob a bakin Sudaniyawa, ana tsotsa ko a jiƙa don wannan buƙata. Garin 'ya'yan kuka, gongolez, yana da harza mai yawa, kuma abin sha'awa shi ne an fi saninsa a Sudan da tsayar da gudawa. Harza mai narkewa tana iya yin aikin biyu, ta ɗaure mai ruwa ta tausasa mai tauri. Ƙaro na itacen dakwara, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitarwa kuma ake cinikinsa a Ubayyid, kusan dukkansa harza ce mai narkewa. Ana jiƙa shi a ruwa a sha, a fara da kaɗan saboda iska.

Biyu ne ya kamata a yi hattara da su. Kanwa, atrun a Sudan, tana sakin ciki amma cike take da sodiyam, bai dace mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya mayar da ita magani ba. Man zurma, zaitul hirwa, yana da ƙarfi ƙwarai kuma yana iya tayar wa mai ciki naƙuda. Jariri da bai cika shekara ba kuma ba a ba shi zuma.

In gyaran cima bai wadatar ba, kantin magani yana da garin isfagula mai ƙara auki, da laktulos da makrogol masu jawo ruwa cikin hanji. Makrogol ana iya daɗewa a kansa bisa shawarar likita.

Lokacin zuwa asibiti

Yunƙurin shekaru yana haifar da basir da tsagewar dubura, ita kuma tsagewar tana sa tsoron zagawa, tsoron ya ƙara taurin. A wajen tsofaffi marasa motsi bahaya na iya daskarewa ya toshe hanya, ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefe, masu jinya su ɗauka gudawa ce su ba da maganin tsayarwa.

Kalmar basir tana ɓoye abubuwa da yawa a bakin Hausawa, kusan duk jinin da aka gani a bayan gida ita ake ɗora wa. Jini a bahaya, rama ba dalili, ƙarancin jini, sauyin yanayin zagawa da ya zo sabo bayan shekara 45, ko a ce wani a dangi na kusa ya taɓa yin sankarar hanji, duk suna buƙatar gwaji kafin a nemi jiƙo. Ciwon ciki mai tsanani tare da amai da kasa fitar da iska kuwa na gaggawa ne, a tafi asibiti a daren. Ga 'yan uwa mazauna Makka da Jidda, sankarar babban hanji ita ce ta fi kowace sankara yawa a tsakanin mazan Saudiyya, kuma ana gano ta ne ta gwajin ɓoyayyen jini a bahaya ko ta leƙa hanji da na'ura mai kyamara, wadda a asibitocin can da na Sudan ake kira minzar.