Kamun kifin tirawut da bas a ƙoramun tsauni lokacin zafi: tambayoyi da amsoshi

Wai wane irin kamun kifi ne wannan da ake ganin Turawa tsaye cikin ruwa suna ta kaɗa zare a iska?

Fatsa ce, amma ba tana ko ƙullin gari a jikin ƙugiyar. Ƙwaron bogi suke ɗaurawa, wanda aka haɗa da gashin tsuntsu da gashin barewa da zare, wani ma da soso, a yi shi kamar fara ko tururuwa ko ƙwaron da ke ƙyanƙyashewa a ruwa. Toh shi wannan ƙwaron ba shi da nauyin komai, in ka jefa shi haka kawai a gabanka zai faɗi, shi yasa zaren ne aka yi mai kauri da nauyi, shi ke jan ƙwaron ya kai shi inda ake so. Kaɗawar nan da kake gani gaba da baya ba gayu bane, tsawon zare mutum yake ƙarawa a iska kafin ya sauke. A bakin zaren mai kauri kuma akwai siririn nailan wanda kifi baya gani sosai, a jikinsa ƙwaron yake. An fi yin abin a Amurka, a tsaunukan Roki na yamma irin su Montana da Kolorado da Wayomin, da tsaunukan Apalachiya na gabas, sai Ingila da New Zealand.

Me yasa lokacin zafi ya zama abin magana na musamman?

Saboda tirawut kifin ruwan sanyi ne, kuma ba wai son sanyin yake don daɗi ba, numfashinsa ne a wurin. Ruwa in yayi ɗumi iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take. Ruwa mai digiri 10 a ma'aunin Salsiyas yana riƙe wajen miligiram 11 na oksijin a kowace lita, in ya kai digiri 25 sai ya sauko wajen 8, ga shi kuma a daidai lokacin jikin kifin ya fi buƙatar iskar don zafi na hanzarta aikin jikinsa, kaga abu ya haɗe masa ta gefe biyu. Mu da muka saba da tarwaɗa wadda zata kwana a taɓo ko a baho ba ruwan kirki kuma ka ganta da rai da safe, abin zai bamu mamaki, ita tana iya shaƙar iska kai tsaye, shi tirawut ba shi da wannan gatan.

Tsakanin digiri 10 zuwa 18 a nan yake cin abinci da kuzari. Daga digiri 20 ya fara wahala, kuma yawancin masu wannan kamun a nan suke naɗe zarensu. Bazarar Amurka daga Yuni ne zuwa Agusta, a watan Yuli da Agusta ruwa ke janyewa, ƙorama ta zama siririya, rana ta doki duwatsu, ruwan da ya kwana da sanyi kafin la'asar ya hau. Don haka gogaggen mai fatsa a lokacin nan ma'aunin zafi yake fara tsomawa a ruwa kafin ma ya buɗe akwatin ƙwarinsa, kuma ni a ganina wannan ɗan ma'aunin ya fi duk wani tsadadden kaya da zai rataya a jiki amfani.

Toh in kifin na wahala, ai sai ya fi saukin kamawa, meye matsalar?

Matsalar ita ce yawancinsu ba ci suke ba, kamawa suke su saki. Kifin da ya sha kokawa da zare a ruwa mai ɗumi ko an sake shi ya tafi kamar lafiya lau, yakan je ya mutu daga baya don ya kasa maida numfashi. Mai kamun yana can yana murna ya saki kifi da rai, alhali gawa ya saki.

Shi yasa hukuma ke shigowa ciki. A Montana hukumar kifi da namun daji ta jihar tana da doka, in zafin kogi ya kai digiri 73 a ma'aunin Farenhait, wajen 23 kenan a namu, har kwana 3 a jere, ana iya hana kamu daga ƙarfe 2 na rana zuwa 12 na dare. Gandun Yellowstone ma yakan rufe wasu koguna in zafi yayi yawa, musamman kogin Firehole wanda dama maɓuɓɓugan ruwan zafi ke kwarara cikinsa.

Wane lokaci ne ya fi a yini?

Sassafe, daga asuba zuwa hantsi. Mutane na ɗauka yamma ma daidai ce tunda rana ta faɗi, amma ruwa baya hucewa da wuri kamar iska, mafi zafinsa yakan kama ne daga la'asar zuwa magariba.

In ƙorama tayi ɗumi ina kifin yake zuwa, ina kuma mai fatsa zai bi shi?

Sama. Duk hawan mita 1000 iska na sauka da wajen digiri 6, ga inuwar itatuwa ta rufe ƙananan ƙoramu, ga idon ruwa na fitowa daga ƙarƙashin dutse da sanyinsa. Gandun Great Smoky Mountains da ke tsakanin Tenesi da Karolaina ta Arewa misali ne mai kyau, in kabi ƙorama ɗaya daga ƙasa zuwa sama zaka ga kifin na canzawa. A can ƙasa inda ruwa ya buɗe yayi ɗumi bas ne, ka ɗan hau sai tirawut mai ruwan ƙasa wanda asalinsa daga Turai aka kawo ƙwansa Amurka daga Jamus a 1883, da mai launin bakan gizo wanda aka ɗauko daga yammacin Amurka, can ƙololuwa kuma sai tirawut ɗan asalin wurin, wanda ake kira buruk, ɗan ƙarami mai jajayen ɗigo, wanda in ka samu mai tsawon tafin hannu ma ka gode Allah. Shi ya fi kowa rashin jure zafi.

A cikin ƙoramar kanta kuma wurin da ruwa ke faɗowa kan dutse yana kumfa ake nema, don nan iska ke shiga ruwa, sai gindin manyan duwatsu, ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya rarake, da bakin inda wata 'yar ƙorama mai sanyi ta shigo. Amma fa in ka tarar da kifi sun taru cunkus a irin wannan bakin suna ta buɗe baki ba motsi, mafaka suka zo, mai mutunci wucewa yake.

Akwai kuma wata dabara, kogunan da ke ƙasan manyan dam, inda ake sako ruwa daga can ƙasan tafki da sanyinsa ƙalau ko a watan Agusta. South Holston a Tenesi da Bighorn a Montana duk haka suke. Sai dai in aka buɗe injin wuta ruwan na iya tasowa cikin mintuna, dole mutum ya duba jadawalin sakin ruwa kafin ya shiga.

Shi kuma bas fa?

Shi lokacin nan ne kakarsa ta yanke saƙa. Bas mai ƙaramin baki, wanda shi ne na kogunan duwatsu, a ruwa mai digiri 20 zuwa sama yake jin daɗinsa, wato daidai inda tirawut ya fara nishi. Don haka da yawa sukan yi tirawut da safe a sama, rana na ɗagawa su gangaro koguna irin su Shenandoah ko New River ko French Broad. Bas mafarauci ne, ƙananan kifi yake ci da kwaɗi da wani irin jatan lande mai ƙafar matsa da ke ɓuya a ƙarƙashin dutse, saboda haka ƙwaronsa babba ne, akwai wanda ake yi da toto mai lotsattsen baki, in ka ɗan fizgi zare sai yayi ɓulum a saman ruwa, sai ka dakata ka ƙyale shi, yawanci a wannan shirun ne kifin ke tasowa ya kai masa cafka. In ya ji ƙugiya kuwa tsalle yake sama da ruwa yana girgiza kai, gaskiya wajen kokawa ya fi tirawut mai girmansa nesa ba kusa ba, raini ne kawai wasu ke masa.

Wane ƙwaro ake sawa a lokacin zafi?

Ya danganta da wata da kuma wuri. A Roki dusar ƙanƙara na narkewa a Mayu da Yuni, koguna su cika su yi jajir, sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli ruwa ke washewa, a lokacin ne wani ƙaton ƙwaron ruwa mai tsawon ɗan yatsa ke fitowa a kogin Madison mutane su yi ta tururuwa. Daga tsakiyar Yuli zuwa Satumba kuma ƙwarin ruwa sun ragu, sai na tudu, fara da tururuwa da buzuzu da koren tsutsa mai saukowa daga reshe. Iska ta kaɗo fara daga ciyawar gaɓa ta faɗa ruwa tim, kifi ya taso, don haka mai jefa farar bogi baya ma lallaɓawa, da gangan yake bugata a ruwa kusa da gaɓa. Wasu su ɗaura wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai nutsewa a ƙasan farar, in kifi ya ƙi na sama ya ɗauki na ƙasa.

Abin da ya fi zaɓen ƙwaro wuya shi ne kusantar kifin. Ruwa ya ragu yayi garau, inuwarka kaɗai ta isa ta watsa su, shi yasa zaka ga ƙato da gemu yana rarrafe a bayan dutse, sanye da kaya masu duhu, yana bin ruwa daga ƙasa zuwa sama saboda kifi kullum fuskarsa na kallon inda ruwa ke fitowa.

Akwai hatsari ko doka da ya kamata a sani?

Hadarin la'asar na tsauni ba ya sallama, kuma sandar da aka yi da girafait tana jan tsawa, da ka ji rugugi ka ajiye ta ka fita daga ruwa. Ruwan sama da aka yi can sama inda baka gani ma yana iya cika ƙorama farat ɗaya. Ga santsin duwatsu. Lasisi kuwa dole ne, kowace jiha da nata, a Great Smoky ma an hana tana da duk wani abincin gaske, ƙwaron bogi mai ƙugiya ɗaya kawai, tirawut da bas mai ƙaramin baki 5 a rana gaba ɗaya, kuma wanda bai kai inci 7 ba a maida shi. Mai niyyar saki kuma ya matse haƙorin ƙugiya da filaya tun farko, ya jiƙa hannu kafin ya taɓa kifin, kar ya tsaya dogon ɗaukar hoto.

A Afirka ana yi kuwa?

Ana yi inda tsauni ya isa sanyi. Turawan mulkin mallaka sun kai tirawut Kenya tun 1905, har yau yana ƙoramun Aberdare da Dutsen Kenya, haka Lesotho da tsaunukan Drakensberg na Afirka ta Kudu. A ɓangarenmu ruwan ya masa zafi, amma salon kamun ya iso kusa, a kogin Faro da ke arewacin Kamaru baƙi na zuwa da rani da irin wannan sandar suna neman tsage da rana, da daddare kuma giwan ruwa, da ƙwaron bogi mai girman tafin hannu da aka yi shi kamar ƙaramin kifi.