Sashe na 17: Iyakar da doka ta gindaya wa gwamnati wajen leƙen wayar ɗan gwagwarmaya

Da yawa suna ɗauka dokar ƙasa da ƙasa ta haramta wa gwamnati leƙen wayar mutum kwata-kwata. Ba haka abin yake ba. Sharuɗɗa ta gindaya.

Yarjejeniyar 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1966 ta kuma fara aiki a 1976, ta ce a sashe na 17 kada a yi wa mutum katsalandan na son rai ko wanda ya saɓa doka cikin sirrinsa, iyalinsa, gidansa ko wasiƙunsa. A wancan zamani wasiƙa takarda ce cikin ambulan. Sai bayan tonon sililin da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya yi a 2013 kan yadda ake leƙen sadarwar jama'a ne Jamus da Burazil suka gabatar da ƙuduri, babban zauren Majalisar ya tabbatar a Disambar shekarar cewa haƙƙin da mutum yake da shi a zahiri yana nan a intanet.

Kafin a saurari wayarka, dole a sami rubutacciyar doka da kowa zai iya karantawa, da dalili na gaskiya kamar binciken babban laifi, kuma ya zamana babu wata hanyar da ta fi sauƙin cutarwa. Sannan wata hukuma mai cin gashin kanta, galibi alƙali, ta sa ido. Shirya taron lumana ba dalili ba ne. Sashe na 21 ma kare shi ya yi.

Inda abin ya fi damuna shi ne bayanan da ke kewaye da saƙo. Ɗauki mace mai shirya zanga-zanga da Signal, manhajar aika saƙo a kulle. Saƙonta a kulle yake, to amma kamfanin sadarwa ya san inda wayarta ta kwana, ya san lambar da ta kira ta layin waya sau goma a daren jajibiri. Da wannan kaɗai ana iya gano duk abokan tafiyarta. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya bayyana a 2014 cewa tattara irin waɗannan bayanai ma taɓa sirri ne.

Ga kuma Pegasus na kamfanin NSO na Isra'ila, manhajar da ke iya shiga waya ba tare da mai ita ya danna komai ba, ta karanta saƙo, ta kunna makirufo. Amurka ta saka kamfanin a jerin waɗanda ta taƙaita wa kasuwanci a Nuwamban 2021.

Shari'a kuwa tafiyar hawainiya take yi. Ƙarar da aka shigar kan Birtaniya game da leƙen sadarwar jama'a a 2013 a kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, sai Mayun 2021 aka yanke hukuncin ƙarshe. Shi ya sa nake roƙon duk ɗan gwagwarmaya ya riƙa sabunta wayarsa, ya kunna tsarin da ke sa saƙo ya goge kansa, ranar ganawa mai nauyi kuma ya bar wayar a gida.